Akurkin da Ba Ya Yoyo

Shekara uku ke nan jirgin Na-Allah yana kife a tsakar gidansa a unguwar masunta ta Malanville, ya cinye rabin filin da matarsa Hasiya take shanya. Mutum takwas ne suka ɗauko shi daga bakin gulbi a shekarar da ruwa ya fara ja da baya, suka ɗora shi bisa guntayen itace a gindin katanga. Na-Allah yana biye da su yana cewa a yi a hankali, ajiyar 'yan watanni ce kawai. Watannin suka zama shekaru. Kwara, babban gulbin garin, ta rame har tsibiran yashi suka fito ƙarƙashin gadar da ke zuwa Gaya, kifi ya yi ƙaura, gwiwar Na-Allah ta dama ta fara ƙara in zai tashi. Can Kutonu kuwa, tun da aka ba Dahome 'yanci soja ke karɓar mulki daga hannun soja, kowanne ya zo da dogon jawabi a rediyo, babu wanda ya zo da ruwa.

Na-Allah Basarke ne, kakansa daga Kabi ya gangaro da filafili a kafaɗa. Jirgin nan ubansa ne ya haɗa shi da katakon maɗaci, kuma a cikinsa Na-Allah ya koyi duk abin da ya sani a duniya. A gidansu ba a sa wa jirgi gatari. In jirgi ya mutu, mai shi ne da hannunsa zai bi tsagogin katako ya zare tsumman da aka toshe su da shi, sannan a tura shi tsakiyar gulbi ya sha ruwa ya nutse. Muddin tsumma na cikin tsaga, jirgi yana da rai. Shi ya sa kowace shekara bayan kaka Na-Allah yake narka kwalta a gwangwani, ya yayyaga tsohon zane, ya bi bayan jirgin yana cusawa yana liƙewa. Rana ta buɗe tsagar, shi ya toshe, rana ta sake buɗewa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce bana ruwa na zuwa.

Abin da yake riƙe da gidan kuwa kajin Hasiya ne. Ƙwansu take kai wa masu shayi a bakin kasuwa, ta dawo da dawa a ƙullin zane. Na-Allah yakan ci tuwon ya sha ruwa ya yi hamdala, ya yi kamar bai san daga ina tuwon ya fito ba. Ya sani sarai, kuma sanin yana cin sa fiye da ciwon gwiwar.

Tsohon akurkin kajin na laka ne, an yi ta yi masa faci da fasassun tukwane har facin ya fi ginin yawa. Ƙasar unguwar yashi ce, ba ta riƙe gini, ga shi muzuru ya gano inda bangon ya rufta. Sau biyu Hasiya tana tashi da safe ta tarar da gashin kaza warwatse a bayan ɗaki. A karo na uku baƙar kazarta ce ta ɓace, wadda ta fi kowacce ƙwai, ita kam ko gashinta ba a gani ba.

Hasiya ta sami Na-Allah zaune a inuwar jirgin yana jan carbi.

“Maigida, baƙar ma ta tahi,” in ji ta. “Ta ukku ke nan.”

“Allah shi maida alheri.”

“Amin. Amma akurki nika so. Ga katako nan kwance rana na cin shi banza. Ka cire mani ko huɗu daga gefe, in haɗa da tsohuwar komarka da garewanin kananzir ɗin can, kwana guda an gama.”

“Wane katako?”

“Ka san wanda nika nuhi.”

Na-Allah ya ɗora tafin hannunsa a bayan jirgin. “Wanga jirgi na, Hasiya, ba katako ba na.”

“Jirgin da bai ga ruwa ba tun ɗiyarmu Karimatu na amarya? Ga ta nan yau ko gobe za ta haihu.”

“Bana ruwa na zuwa.”

Hasiya ba ta yi tsaki ba, ta daɗe da wuce nan. Ta dube shi irin duban da ake yi wa mara lafiyan da ya ƙi shan magani, ta ɗauki tsintsiya ta koma aikinta.

Mako biyu maganar tana yawo a gidan. Ba faɗa ake ba, don su biyun sun gaji da faɗa tun tuni. Ita dai kullum da yamma sai ta jawo tsohon turmi ta tokare ramin akurkin, ta yi nishi yadda zai ji. Shi kuma ya ƙara murɗa rediyo. Ranar da ya ga ta tsaya gaban jirgin tana auna katako da kamun hannu, tana zaton ba ya ganinta, ranar ce ya tashi. Ya naɗe rediyon a cikin rawani, rediyon da ɗansa mai dako a tashar jiragen Kutonu ya aiko masa, ya nufi kasuwa.

Ɗangana yana da rumfar kayan gini kusa da inda manyan motocin Paraku suke sauke kaya. Ya juya rediyon, ya kunna, wani soja ya fara bayani da Faransanci, ya kashe.

“To, Baba Na-Allah, mi kaka so a madadinshi?”

“Tol sabo, da katako sabo, da ƙusa. Akurki za ni yi.”

Tol shi ne abin da ake kiran kwanon rufi a nan. Ɗangana ya yi dariya har ya dafa cinya.

“Tol sabo don kaji? Mutane na kwana ƙarƙashin zana, kajinka za su kwana gidan kwamanda! Ai tarkace aka yin akurki da shi, Baba. Tsohuwar garwa, guntun katako, abin da an ka yar.”

“Kajin gidana ba su kwana cikin tarkace.”

“To ka ɗauki ragar waya ka sa gefe guda, su sha iska.”

“Raga?” in ji Na-Allah. “Ni za a gwada ma raga? Shekara arba'in ina aiki da ita. Duk abin da ke da huda, wani abu na bi ta ciki.”

Ɗangana ya ɗaga kafaɗa. Shi ɗan kasuwa ne, ba a biyan sa don ya yi gardama da mai saye. Aka ɗora kwano da katako a amalanke, Na-Allah yana tafe a gefe yana ɗingishi, mutanen unguwa suna leƙowa suna tambaya ko ɗaki za a yi wa amarya.

Kwana uku ya yi yana aikin, kuma gaskiya ce, an daɗe ba a ga Na-Allah haka ba. Bayansa ya miƙe. Ya daina jan carbi a inuwa, har waƙar tuƙi aka ji yana yi ƙasa-ƙasa da ƙusa a bakinsa. Hannun da ya saba da katako bai manta ba. Ya kafa ƙafafu, ya haɗa gwiwoyi, ya lanƙwasa kwano ya rufe sama da gefe huɗu, ya yanka 'yar ƙofa daidai shigar kaza. Da a nan ya tsaya, da an ce masa sannu da aiki. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ruwa ba ya iya ganin tsaga ya wuce ta. Sai ya hura wuta, ya ɗora gwangwanin kwaltarsa, ya yayyaga zane, ya bi duk inda kwano ya haɗu da kwano, duk inda ƙusa ta huda, yana cusawa yana liƙewa.

Da ya gama sai ya gwada aikin yadda ubansa ya koya masa gwada jirgi. Akan kife jirgi da rana tsaka, mutum ya shiga ƙarƙashi ya duba sama, duk inda ya ga haske ko da ƙwayar gero ne to nan ruwa zai shiga. Na-Allah ya durƙusa ya cusa kansa da kafaɗunsa cikin akurkin, ya toshe bakin ƙofar da rigarsa. Duhu ƙirin. Ya fito yana zufa yana murmushi, ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya sheƙa a kan rufin, ko ɗigo bai shiga ba.

“Zo ki gani,” ya ce da Hasiya. “Ko tururuwa ba ta shiga, balle muzuru.”

Hasiya ta zagaya shi sau ɗaya. Ta taɓa kwanon ta janye hannu.

“Ya yi kyau. To ta ina za su lumfashi?”

“Kaza wane lumfashi gare ta? Ga hili nan ƙarƙashin ƙohwa.”

Filin da yake nufi bai fi kaurin yatsa ba, kuma shi kansa filin yana damun sa, don dai tsumma ya ƙare ne ya bar shi.

Kwana biyu kajin suka kwana a ciki, kaza takwas da zakara ɗaya da 'yan tsaki. Da safe sukan fito a guje baki buɗe su faɗa kaskon ruwa, amma dai sun fito cif, ba wadda ta ɓace. Na-Allah yakan tsaya yana kallon su hannu a baya kamar wanda ya ci gari da yaƙi. Hasiya ta bar shi da nasararsa, ta ce dai a riƙa buɗe musu tun kafin rana ta fito.

Ranar Alhamis saƙo ya zo daga Madekali cewa 'yarsu Karimatu ta sauka tun makon jiya, gobe suna. Hasiya ta shirya da sassafe ranar Juma'a za ta bi motar kasuwa. Ita da kanta ta buɗe wa kajin ta watsa musu tsaba.

“Ka bar su su yi kiwonsu,” ta ce. “Sai rana ta hwaɗi ka rufe. Gobe da hantsi ina nan.”

“Ki gaishe su. Ki ce gwiwa ta hana ni.”

Bazara ce, irin ta Malanville, wadda tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Na-Allah yana zaune yana gyaran wata tsohuwar ƙugiya da ba ya da inda zai jefa ta, sai ya ji kajin sun ɗauki kuka. Kafin ya ɗaga kai shaho ya sauko ya sure ɗan tsako ɗaya ya yi sama. Na-Allah ya bi shi da jifa da takalmi, takalmin ya faɗa gidan maƙwabta.

Ya tsaya yana haki. Abin da ya fara zuwa ransa fuskar Hasiya ce, in ta dawo ta ga an rasa ɗaya a yini guda da ta bar masa. Ga lokacin masallaci ya matso, gida zai zama babu kowa, shaho kuma ya ga wuri. Sai ya ga ai abin ba wuya, tunda yana da ɗakin da babu abin da ke shiga. Ya ɗebo tsaba ya yaudare su ɗaya bayan ɗaya har suka shige, ya tura musu kaskon ruwa, ya rufe. Ya juya zai tafi sai idonsa ya faɗa kan filin nan na ƙarƙashin ƙofa. Maciji zai iya bi ta nan. Ya yage gefen tsohon rawaninsa ya cusa da tsinke har ya toshe tsaf, sannan ya yi alwala ya fita da kwanciyar rai.

Bayan an sauko Juma'a bai koma gida ba. Ya gangara bakin gulbi inda tsofaffin masunta suke zama ƙarƙashin wata bishiya suna kallon abin da ya rage na ruwa. Aka yi hirar da aka saba, ta giwar ruwan da wane ya kama shekarar kaza, wadda kowace shekara take ƙara girma a bakin mai ba da labari. Na-Allah ya ba su labarin akurkinsa, ya ce ko a gulbi aka jefa shi ba zai nutse ba. Aka yi dariya. Sai da aka kira la'asar ya tashi.

Tun daga zaure ya ji shirun. Gidan da ke da kaji ba ya yin shiru haka. Ya kama ƙofar akurkin, kwanon ya ƙone masa yatsu, ya sa gefen riga ya fizge. Wani zafi ya bugo fuskarsa kamar an buɗe tanderun burodi, da wari.

Suna kwance kan juna a bakin ƙofa, inda suka yi ta neman filin da ya toshe. Fukafukai a buɗe, baki a buɗe. Kaskon ruwa ya kife. Ya jawo su waje ɗaya bayan ɗaya, jikinsu da zafi kamar an fara gasawa. Zakaran ne kawai ya motsa ƙafa. Na-Allah ya tashi da gudu, gudun da gwiwarsa ta manta da shi, ya shiga ɗaki neman wuƙa don a samu ko na miya. Ya zubar da kwando, ya ture fitila, ya same ta a cikin tsohon kayan kamun kifi. Kafin ya dawo zakaran ya miƙe ya mutu.

Mushe ne duka. A shekarar da mutane suke tankaɗe dusa su ci, ga nama tuli a gabansa wanda ko mayunwaci ba zai kai shi tukunya ba. Ya zauna a ƙasa da wuƙar a hannu. Bai yi kuka ba, gajiya ce ta sauko masa, irin wadda barci ba ya maganinta. Da ya ga ungulu ta sauka kan katanga sai ya tashi ya ɗauki fartanya, ya haƙa rami a bayan ɗaki ya binne su kafin maƙwabta su gani.

Hasiya ta dawo da hantsi kamar yadda ta ce, da ƙullin goro da ɗan naman suna a kwano. Ta yi sallama, ta ce an samu mace, an sa mata Rakiya. Tana maganar tana kwance ƙullin tsabar da ta roƙo a Madekali. Ta watsa a tsakar gida ta kira su yadda ta saba. Ba abin da ya fito. Ta dubi akurkin da ƙofarsa a buɗe, ta dubi mijinta.

Ya faɗa mata. Bai rage komai ba, har tsumman ƙarƙashin ƙofa.

“Ko guda ba ka yanka ba?”

“Ban iske su da rai ba.”

Ta ajiye kwanon naman a hankali. Ta zauna bisa turmi ta zare ɗankwalinta ta goge wuya. Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

“To,” in ji ta. “Ka tsare su kam. Muzuru bai samu ko guda ba.”

Suka zauna haka, tsaba tana warwatse tsakaninsu, rana tana hawa. Shi yana kallon ƙofar akurkin. Ita tana tunanin masu shayin da za su jira ta gobe.

Sai suka ji ƙaramin kuka, siriri, daga gindin katanga. Ta ƙarƙashin jirgin, inda guntun itace ya ɗan ɗaga gefensa, baƙar kaza ta sunkuyo ta fito. Ta rame, gashin ƙirjinta ya zube. Ta nufi tsabar tana ƙyarƙyara, 'yan tsaki bakwai suna tuntuɓe a bayanta. Ashe ba muzuru ba ne. Wuri ta samu ta yi kwanci mako uku, ba ta nemi shawarar kowa ba.

Hasiya ta dafe ƙirji ta ce, “La ilaha illallahu.”

Na-Allah ya rarrafa zuwa gefen jirgin. Ya kwanta a ƙasa ya tura kansa ƙarƙashi, abin da rabonsa da yi tun shekarar da aka kawo jirgin gida. Kowace shekara yana toshewa ta waje, amma bai taɓa yarda ya shiga ya duba ba, kuma ya san dalili.

Wurin da sanyi. Iska tana ratsawa a hankali, ga ɓawon ƙwai a cikin ɗan gurbi a yashi. Ya juya ya dubi sama. Haske ne ko'ina. Ba ƙwayar gero ba, dogayen layuka ne daga kai har gindi, wasu zai iya zura yatsa, wasu har yana hango reshen dogon yaron maƙwabta ta ciki. Katakon ya bushe ya janye daga ɗan'uwansa, tsumman da ya yi ta cusawa yana reto kamar gemun akuya. Ko yau Kwara ta cika ta tumbatsa har ƙofar gida, jirgin nan ba zai kai shi tsawon gora biyu ba.

Ya daɗe a kwance a wurin. Hasiya tana ganin ƙafafunsa kawai, da faso a dugadugai.

Da ya fito, yashi a gemunsa, ta riga ta yi magana.

“Ban taɓa maka jirgi, Maigida. Ka ba ni tsohuwar koma kawai in zagaye gefen, su zamna nan yadda ta zaɓa. In ruwa sun ka zo sai in kwashe su.”

Ya kaɗe yashin gemunsa. Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙar jiya. Ya tsaya a kan jirgin, wajen da ubansa yakan zauna da filafili, ya sa bakin wuƙar cikin tsagar farko ya ɓanɓare kwalta, ya kama bakin tsumma ya ja. Ya zaro shi da tsawo, baƙi, ya yar a ƙasa. Ya matsa tsaga ta biyu.

Hasiya ta miƙe tsaye. Shekara talatin da wani abu tana gidan Sarkawa, ta san wanda yake zare wa jirgi tsumma, ta san kuma ranar da ake yi.

“Maigida, mi kaka yi?”

“Gefen ga bai shan iska sosai.”

“In ruwa sun ka zo hwa?”

“Su zo,” in ji Na-Allah. “Ɗauko komar, tana bisa rumbu.”

Ba ta tafi nan da nan ba. Ta tsaya tana kallon sa yana bin tsagogin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da irin kulawar da yake toshe su da ita, tsumman shekara uku yana taruwa a gindin ƙafarsa. Wani ɗan tsako ya zo ya tsattsagi guda yana zaton tsutsa ce. Sannan ta juya ta tafi ɗauko komar.